Nason Zafi da Daidaituwarsa: Daga Kaskon Gyaɗa a Ƙasar Rano Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda zafi yake game jikin abin da ake dafawa ko gasawa daidai wa daida. Ta jera ayyukan wuta na yau da kullum a yankin Saji na ƙasar Rano tare da kayan aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, domin a ga inda suka yi tarayya. Matsayin maƙalar shi ne, wuta ba ta rabon zafinta da adalci. Daidaito yana samuwa ne daga abin da aka gitta tsakaninta da abin dahuwa, da motsin da ake yi masa, da lokacin da aka ba shi. An kawo kalmomin naso da dako da huci a matsayin sunayen hanyoyi uku da zafi yake bi, an kuma nuna wuraren da maganar yau da kullum take iya karkatar da fahimtar ɗalibi.

Fitilun Kalmomi: zafi, naso, tururi, murhu, keɓaɓɓun kalmomi, Rano

1.0 Gabatarwa

Saji gunduma ce a ƙaramar hukumar Rano, kudu da birnin Kano, a yankin da ya haɗa Rano da Kibiya. Ƙasa ce ta dawa da gero da masara da gyaɗa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 kuma, shinkafa ta samu gindin zama a maƙwabtan garuruwa irin su Bunkure da Kura da Garun Malam. Kusan duk wannan amfanin gona sai ya bi ta kan wuta kafin ya zama abinci ko kuɗi, kuma a bakin wutar ake cin riba ko a tafka asara. Gyaɗar da ta ƙone gefe guda ƙulinta ɗaci yake yi. Shinkafar da tururi bai ratsa ta duka ba karairayewa take yi a injin casa. Tukunyar da wuta ta ci gefe ta bar gefe takan tsage tun ba ta ga kasuwa ba.

Ɗalibin sakandare a Rano ko Kibiya yana cin karo da wannan matsala a ɗakin gwaje-gwaje, ranar da malami ya ce masa kada ya ɗora kofin gilashi a kan harshen wuta sai ya shimfiɗa ragar waya. Yakan haddace dalilin da Turanci domin jarrabawa. Da wuya ya gane cewa abin da mahaifiyarsa ta yi ke nan da safe, sa'ad da ta zuba yashi a kasko kafin ta zuba gyaɗa.

Wannan giɓi ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Ayyukan da aka yi a kan sana'o'in gargajiya sun fi ba da ƙarfi ga jerin kayan aiki da kirari da sarautun sana'a da buwaya irin ta maƙera da wuta. Tunanin da ke bayan hannun mai sana'a, wato dalilin da ya sa take janye itace a daidai wannan lokaci ba wancan ba, bai samu rabonsa ba. Alhali a cikin wannan tunani ne kalmomin da za a koyar da kimiyya da su suke kwance.

2.0 Hanyoyin da Zafi Yake Bi

Zafi kullum gangarawa yake yi daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma ba ya tsayawa sai ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Masana kimiyya sun kasa tafiyar tasa gida uku.

Ta farko ita ce wadda yake bi ta jikin sandararren abu ba tare da abin ya gusa ba, kamar yadda mariƙin cokalin ƙarfe yake ɗaukar zafi alhali bakinsa kaɗai ke cikin miya. Maƙalar ta kira wannan naso, domin haka danshi yake bin gindin katanga da damina, haka kuma mai yake bin takarda: a hankali, daga kusa zuwa nesa, babu tsallake. Ta biyu a ruwa da iska take aukuwa. Ruwan da ya yi zafi a gindin tukunya nauyinsa yakan ragu ya taso sama, mai sanyi ya gangara ya maye gurbinsa. An kira wannan dako, tun da ruwan ne yake ɗaukar zafin ya kai shi wani wuri. Ta uku ita ce huci, zafin da mai jin ɗumi yake ji a fuska da ƙwauri da asubar hunturu alhali bayansa yana shan ɗari. Huci ba ya bukatar abin hawa. A miƙe yake tafiya kamar haske, saboda haka gefen da ya fuskanci wuta kaɗai yake samu. Da shi mai tsire yake aiki idan ya kafa tsinkayensa a kewayen wuta, kuma shi ya wajabta masa juyi.

Wanda ya fara shimfiɗa lissafin naso shi ne Bafaranshe Joseph Fourier, a littafin da ya fitar a 1822. Ƙa'idarsa ta nuna cewa yawan zafin da ke ratsa abu ya danganta ga bambancin zafin ɓangarorinsa biyu, da faɗinsa, da kaurinsa, da kuma irin abin kansa. Wannan na ƙarshe tazararsa tana da ban mamaki. A ma'aunin da masana suke amfani da shi, gilashi da gasasshen yumɓu suna wajen 1, baƙin ƙarfe tsakanin 50 da 80, alminiyum ya haura 200, jan ƙarfe kuwa yana wajen 400. A ɗaya ɓangaren, ruwa 0.6 ne, busasshen yashi kimanin 0.3, iska kuma ba ta kai 0.03 ba.

Akwai wani sakamako na lissafin Fourier da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan kaurin abu ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai tsakiyarsa ninkawa huɗu yake yi. Tsokar da tazarar bayanta da tsakiyarta santimita 1 ce, a ƙiyasi takan bukaci kamar minti 12 kafin zafi ya ratsa ta sosai. Idan tazarar ta zama santimita 2, sai a doshi minti 48. Mahauci bai san waɗannan alƙaluma ba, amma wuƙarsa ta san su. Shi ya sa yake shimfiɗa naman kilishi fale-fale, yake tsattsaga tsokar balangu, yake yanka naman tsire siriri. Ƙarin itace kaɗan yake rage wannan jira, ɓarnarsa kuwa babba ce: baya ya ƙone, ciki yana ɗanye.

3.0 Murhu, Raga da Tukunya

Duwatsu uku ne murhun gargajiya, kuma ƙasar Rano ba ta rasa dutse ba. Abu mai ƙafa uku ba ya gilgiɗi ko da ƙasa ba ta daidaita ba, kuma tazarar da ke tsakanin duwatsun tana barin iska ta shiga. Murhun ƙarfe mai ƙafa uku na ɗakin gwaje-gwaje bai ƙara komai a kan wannan ba. Inda aka bambanta shi ne wutar. Fitilar gas da Robert Bunsen da mataimakinsa Peter Desaga suka ƙera a Heidelberg ta ƙasar Jamus wajen 1855 tana kai kusan digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas a wurin da ya fi zafi, kuma duk wannan zafi a kan ɗigon da bai fi faɗin kwabo ba yake sauka.

Gilashi naso ba ya yi masa sauri. Wurin da harshen wuta ya taɓa sai ya buɗe, maƙwabcinsa kuwa yana nan da sanyinsa bai motsa ba. Jayayyar da ke tsakaninsu ita ce tsagewa. Duk wanda ya taɓa tsiyaya tafasasshen shayi a kofin gilashi mai kauri da sanyin safiya ya ji ƙarar wannan jayayya. Aikin ragar waya shi ne ta tarwatsa harshen wutar, wayoyinta su kwashi zafin su watsa shi gefe da gefe, farin faifan da ke tsakiyarta kuma ya tare dukan farko ya saki zafin a hankali. Wannan hali na raga shi Humphry Davy ya yi amfani da shi a Ingila a 1815, sa'ad da ya kewaye fitilar masu haƙar kwal da ita: ragar tana zuƙe zafin harshen wuta har ya kasa ƙetare ta ya kunna iskar gas da ke cikin rami. A wani ɓangaren kuma an gyara gilashin kansa. Otto Schott ya samar da wani nau'i a birnin Jena a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma fitar da irinsa a Amurka a 1915 da sunan Pyrex. Buɗewarsa a wuta kamar kashi ɗaya ce cikin uku ta gilashin kwalba.

Maginan tukwane wata hanya suka bi. Sukan cuɗa yumɓu da yashi ko dakakken tsingaro, su bar tukunya ta bushe sarai, sannan su gasa ta a fili da kara da itace da ciyawa, a zafin da yawanci yake tsakanin digiri 600 da 900. Tukunyar da ta fito daga irin wannan gashi cike take da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Su ne suke ba jikinta sararin motsi, su kuma tsayar da tsaga idan ta faro. Don haka take zama a kan harshen wuta shekara da shekaru, abin da tangaram mai sheƙi ba zai jure ba. Michael Cardew, Baturen da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi aiki, yana cikin waɗanda suka jawo hankali ga wannan fifiko na tukunyar gargajiya. Zagayayyen gindinta ma da dalilinsa, domin harshen wuta yana lasar sa ko'ina babu lungun da zafi zai taru. Kwalbar da masana sinadarai suke tafasa abu a ciki ita ma gindin tulu gare ta.

Tukunyar da ta kori ta ƙasa daga yawancin gidaje ita ce wadda ake kira ta dalma, kodayake alminiyum ce aka narka aka zuba, ba dalmar ainihi ba. Ita saurin naso ne makaminta: kafin wuri ɗaya ya yi zafi fiye da kima, kaurin gindinta ya riga ya rarraba shi. Ta ƙasa kuwa jinkiri ne nata, tana shan zafin a hankali tana riƙewa, tashi da faɗuwar wuta ba sa isa ga miya nan take. Hanyoyi biyu ne masu kishiyantar juna da suke kaiwa gida ɗaya. Wadda ta rasa duka biyun ita ce sirirriyar tukunyar kwano, wadda takan zana wa mai girki hoton wutarta da ƙonannen abinci.

4.0 Yashi a Cikin Kasko

Suyar gyaɗar talla ita ce misalin da ya fi kowane bayyana. Mai suya takan samo yashi mai tsabta ta tankaɗe, ta zuba a kasko ta bari ya ɗauki zafi, sannan ta zuba gyaɗa ta shiga juyawa ba hutawa. Can sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza. Idan jan ɓawon ya saɓule cikin sauƙi, launin ciki kuma ya fara sauyawa, sai ta kwashe ta tace yashin ya koma kasko.

Me yashin yake yi? Ƙwayar gyaɗa mulmulalliya ce. Idan aka ajiye ta a kan kasko tsirara, ɗigo ɗaya na jikinta ne yake taɓa shi, sauran jikin yana cikin iska, iska kuwa ita ce koma-baya wajen naso. Ɗigon sai ya yi baƙi, sauran yana ɗanye. Yashi yana cike wannan sarari. Maimakon mahaɗa ɗaya mai tsananin zafi, sai ƙwayar ta samu ɗaruruwan mahaɗai masu matsakaicin zafi ta kowace fuska. Ban da haka, yashin ma'ajiya ce. Idan kara ya kama da ƙarfi wuta ta yi sama, shi yake shanye hucin farko, idan ta lafa kuma ya ci gaba da bayarwa daga abin da ya tara.

Sai dai kuskure ne a ɗauka yashi yana raba zafi da kansa. Alƙaluman da aka kawo a baya sun nuna nasonsa bai kai na ruwa ba. In mai suya ta saki katakon juyi ta tafi amsa sallama, na ƙasa zai ƙone na sama bai ji komai ba. Rabin aikin na yashi ne, rabi na hannu. Hannun ne yake yi wa yashi dakon da ruwa yake yi wa kansa.

A ɗakin gwaje-gwaje ana nitsa gindin kwalba a kwanon yashi idan ana son zafin da ya wuce na tafasar ruwa ba tare da harshen wuta ya taɓa gilashi ba. Masu aiki da shi sun san aibinsa: yana jinkirin ɗauka, yana jinkirin hucewa, kuma ma'aunin zafi yakan nuna ƙasansa ya fi samansa nesa ba kusa ba. Maganin da masana'antu suka samo shi ne hura iska ta ƙarƙashin yashin har ya riƙa motsi kamar ruwa mai tafasa. Wato sai da aka ƙera na'urar da za ta maye gurbin hannun mai gyaɗa kafin a samu daidaiton da take samu.

Akwai wata dabara tata da ta cancanci ambato. Takan kwashe gyaɗar da ɗan saura, domin ta san zafin da ya taru a bayan ƙwaya zai ci gaba da nasawa ciki bayan an sauke. Wadda ta jira sai ta soyu sarai a kasko, a faranti za ta ƙone mata.

5.0 Ruwa da Tururi

Ruwa yana da wata baiwa da yashi ba shi da ita, wato iyaka. A bakin teku yana tafasa a digiri 100. A ƙasar Kano, wadda ta ɗara teku da kimanin mita 500, yakan tafasa a wajen 98. Daga nan ko an tura masa itacen duniya ba zai ƙara ba, sai dai ya yi ta ɓararraka yana ƙonewa. Duk abin da aka nitsa a cikinsa ya tsira daga wuce wannan iyaka. Kan haka aka gina dahuwar alale, inda ake jera gwangwanaye ko ƙulli a tukunyar ruwa. Kan haka kuma aka gina kwamin ruwan ɗumi na ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wanda ake tsayarwa a digiri 37, zafin jikin ɗan Adam, domin wasu gwaje-gwajen jini. Dabarar tsohuwa ce. Ana jingina ta ga wata masaniyar haɗa sinadarai mai suna Maryam da ta rayu a Iskandariyya ta Masar a ƙarnonin farko na miladiyya, har yau kuma Faransawa wankan Maryam suke ce mata.

Tuƙin tuwo yana nuna abin da ke faruwa idan dako ya mutu. Sa'ad da ruwa yake tsararo, shi yake juya kansa. Da an yi talge ya fara kauri, juyin sai ya ragu. Da an zuba gari ya ɗaure, ya tsaya ke nan, babu sauran hanyar da zafi zai hau sama sai naso, naso kuwa a cikin tuwo tafiyar hawainiya yake yi. A daidai nan muciya take karɓar aiki, a daidai nan kuma mai tuƙi take janye itace ta bar garwashi, ta rufe tukunya tuwo ya sulala. Ƙanzo shi ne shaidar zafin da ya taru a gindi ya rasa mai kai shi sama. Ɗan sandan maganaɗisu da yake wulwulawa a gindin kwalbar ɗakin gwaje-gwaje muciya ce ƙarama.

Tururi ya fi su duka iya rabo, kuma dalilin yana da kyau a fahimce shi. Kafin kilo ɗaya na tafasasshen ruwa ya zama tururi, sai ya sha zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafi yana ɓoye a cikinsa, kuma ba ya sakinsa sai ya taɓa abin da ya fi shi sanyi ya koma ruwa. Ma'ana, tururi wurin da ya fi sanyi yake nema ya sauke kayansa, wurin da ya riga ya yi zafi kuwa ya wuce shi. Shi yake gyara rabonsa da kansa. Sharaɗi ɗaya ne, a ba shi hanya. Mai dambu ta san haka. Takan liƙe mahaɗar madambaci da tukunya da tsumma don kada ya tsere, kuma ba ta danna tsakin, wasar da shi take yi ya zauna sakwa-sakwa.

A turara shinkafa ne wannan ilimi yake zama kuɗi. Ana jiƙa shanshera, a turara ta, a shanya, sannan a kai inji. Manufar ita ce sitacin da ke cikin ƙwaya ya narke ya haɗe, abin da yake faruwa tsakanin digiri 60 da 80, domin tsagar da ke cikinta ta liƙe ta jure casa. Idan aka zuba shinkafa a tukunya ko rabin duro tare da ruwa a gindi, ta ƙasa dahuwa take yi har ta fashe ko ta yi ƙauri, ta sama kuma tururi bai ishe ta ba. Sakamakon shi ne launi biyu a buhu ɗaya da yawan gutsattsari, mai saye kuwa da ido yake yanka farashi. Gyaran da masu aikin bunƙasa noma suka yaɗa a tsakanin mata masu wannan sana'a shi ne faifan ƙarfe mai huda-huda da ake kafawa sama da ruwa, shinkafa ta zauna a kansa tururi kaɗai ya same ta. An kawo shi a matsayin sabuwar fasaha, kuma ya yi amfani. Amma madambaci ne, da ƙarfe.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne asibiti. Tukunyar matsi ta kashe ƙwayoyin cuta, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a Faransa a 1879, tana tsare tururi har ya kai digiri 121, a bar kayan aiki a ciki aƙalla minti 15. Idan ba a fitar da iskar da ke ciki ba tun farko, ko aka cusa kaya aka danne, sai a samu lungun da tururi bai shiga ba. Agogon tukunyar zai nuna komai daidai, alhali almakashin da ke tsakiyar ƙunshi bai tsarkaka ba. Laifin da zai sa dambu ya fito da ɗanyen tsaki a tsakiya, shi ne a nan zai kai cuta jikin majiyyaci.

6.0 Daidaito a Cikin Lokaci

Ba a sarari kaɗai ake daidaita zafi ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shan ranar bazara, wadda takan kai digiri 40 a ƙasar Kano a watan Afrilu, amma naso yana ɗaukar sa'o'i da yawa kafin ya kai ciki. Lokacin da zai iso, rana ta faɗi. Soro yana aro daga sanyin dare ya biya da rana, ya ajiye daga zafin rana ya fitar da dare. Rufin kwano ba shi da wannan ajiya ko kaɗan, abin da ya samu a take yake miƙa wa na ƙasa da shi.

7.0 Batun Kalmomi

Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ake maganar koyar da yara da harshen uwa a farkon firamare, kuma ƙorafin da aka fi ji shi ne Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. A fagen zafi dai ƙorafin bai tsaya da ƙafarsa ba. Harshen da ya raba dafawa da sulalawa da turarawa, ya raba gashi da suya da babbaka da ƙyafi da banda, ya riga ya rarrabe hanyoyin zafi, domin kowace kalma a cikinsu tana faɗin abin da ke tsakanin wuta da abinci: ruwa ne, ko tururi, ko mai, ko hayaƙi, ko babu komai. Har gazawar aikin an raɗa mata sunaye, ga ƙauri, ga ƙanzo, ga gudaji. Mai neman irin waɗannan kalmomi zai same su birjik a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Masu nazarin harshe sun riga sun nuna hanya, sa'ad da suka ɗauko saiwa da ɗafi da gaɓa daga maganar yau da kullum suka mai da su keɓaɓɓun kalmomi, aikin da ƙamusun da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya taimaka wajen daidaitawa. Yau babu ɗalibin da yake jin ɗafi baƙuwar kalma ce.

Duk da haka, ɗauko kalma daga bakin murhu yana da nasa tarko. Cikin ukun da aka gabatar, naso ce ta fi zama daram. Dako tana bukatar ɗan bayani kafin ta zauna. Huci kuwa tana da rauni, domin a bakin jama'a ta haɗa har da iska mai zafi da ke fitowa daga tanderu ko bakin mai zazzaɓi, wannan kuwa dako ne. Malamin da zai yi amfani da ita sai ya taƙaita ma'anarta da gangan, ya kuma faɗa wa ɗalibai ya yi hakan.

Tarko na biyu ya fi zurfi. Kalmar zafi tana ɗauke da abu biyu da kimiyya ta raba. Tartsatsin da ya tashi daga maƙera ya fi ruwan wanka zafi nesa ba kusa ba, amma ya sauka a hannu ya mutu bai yi komai ba, alhali bokitin ruwan zai ɗumama jiki duka. Na farko ya fi a mataki, na biyu ya fi a yawa. Maƙalar tana ganin a riƙa cewa matakin zafi ga abin da ma'auni yake nunawa da digiri, a bar adadin zafi ga abin da yake ƙaura daga jiki zuwa jiki. In ba a raba su ba, ba za a iya bayyana dalilin da ya sa tururi da tafasasshen ruwa suke mataki ɗaya amma ƙunar tururi ta fi muni ba.

Na uku shi ne yadda harshe yake ɗaukar sanyi a matsayin abu mai shiga. Akan ce sanyi ya shige shi, a ce a rufe ƙofa kada sanyi ya shigo, a ce bargon nan yana da ɗumi. A lissafin Fourier babu abin da yake shiga, zafi ne yake fita, bargo kuma ba ya haifar da ɗumi, iskar da ta maƙale a cikin gashinsa ce take hana na jiki tsira. Ɗalibin da aka tambaya ko ƙanƙarar da aka naɗe da bargo za ta riga wadda aka bari a fili narkewa, sau da yawa zai ce ta bargon ce, tun da bargo ɗumi gare shi. Mai sayar da ƙanƙara a tashar Rano, wanda yake lulluɓe kayansa da buhun algarara da ɗusar katako tun safe har la'asar, amsarsa daban ce.